Gwanin Da Ke Rage Wa Fitila Wuta

Shiga falon sabon gida a Kano ko Kaduna ka ɗaga kai sama, da wuya ka rasa shi: siririn haske ya zagaye silin ɗin POP, ba a ganin ƙwai, sai hasken kaɗai kwance a jikin farin fenti. Haka yake a shagon masu sayar da wayar hannu, da akwatin gilashin masu gwal, da allon sunan kanti, da ɗakin taron biki, har da jikin Keke Napep. Zirin fitilar LED ke nan, wanda ake sayarwa a nannaɗe, mita 5 a faifai ɗaya. Akasarinsa daga ƙasar Sin yake zuwa, ya biyo ta kasuwar Alaba a Legas, ya iso Sabon Gari. Ba shi da tsada, kuma da gam a bayansa, ɓare takardar kawai za ka yi ka manna. Wannan sauƙi ne ya sa kowa ya zama mai sa shi, shi ne kuma ya sa ake yawan ganin wanda ya lalace tun shekara ba ta zagayo ba.

Lalacewar tasa iri ɗaya ce a ko'ina. Farin hasken nan mai ɗaukar ido ya dusashe, ya sauya launi. Ƙwai uku su mutu a nan, uku a can, layin ya yi giɓi. Gam ya saki, zirin ya leƙo daga bayan silin yana reto. Idan mai rigar roba ne, robar ta yi ja-ja ta tsattsage. Maigida ya ce an sayar masa da jabu, mai wayarin ya ce laifin wuta ne, mai shago ya ce laifin mai wayarin ne. Jabu kam akwai shi, ba a musu. Amma a mafi yawan lokuta zafi ne ke cinye zirin, zafin da shi kansa yake haifarwa kuma ba shi da inda zai kai shi.

Akwai wasu masu wayarin, ba su da yawa, waɗanda aikinsu ke daɗewa alhali shago ɗaya suke sayen kaya da sauran abokan sana'arsu. Su nake jinjina wa a nan. Abin da suke yi ƙarami ne a ido: kwali ya ce a ba zirin bolt 12, su kuma sai su ba shi 11, ko 11 da 'yar ɗoriya. Ɗan murɗa sukundireba ne kawai. Sai dai sanin dalilin murɗawar, da sanin inda za a tsaya, da sanin irin zirin da ba a yi wa haka, nan gwanintar take, kuma ba a samun ta a jikin kwali.

Ɗauki zirin nan mai bolt 12 ka dube shi kusa da ido. Za ka ga bayan kowane ƙwai uku akwai layi da hoton almakashi, wurin yanka ke nan. A zirin da ke da ƙwai 60 a mita ɗaya, kowane yanki santimita 5 ne. Ƙwayayen ukun a jere aka haɗa su, wutar da ta ratsa na farko ita za ta ratsa na biyu da na uku. Tsakaninsu za ka ga wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu da lamba a bayansa, sau da yawa 151. Rizista ce, aikinta taƙaita wutar da ke wucewa, lambar kuma tana nufin om 150. Kowane yanki da kansa yake tsaye, shi ya sa idan ƙwai ɗaya ya ƙone sai ya tafi da 'yan uwansa biyu, sauran zirin yana nan a kunne.

Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfiya kuma yawan wutar da ta samu ta wuce. Farin ƙwan LED yana riƙe bolt 3 da 'yan kai, kuma ba ya cika gusawa daga nan. Ƙwai uku sun riƙe kimanin 9.3 ke nan. Daga cikin 12 ɗin da aka ba su, 2.7 kaɗai suka rage wa rizista, kuma wannan ɗan ragowar shi ke yanke hukuncin yawan wutar da za ta gudana. Raba 2.7 da 150, za ka samu miliamfiya 18. To, yanzu sauke wutar zuwa bolt 11. Ƙwayayen ba za su saki nasu kason ba sai ɗan kaɗan, kusan duk ragin a wuyan rizista zai faɗa. Ragowarta ya koma wajen 1.8, wutar da ke gudana ta koma miliamfiya 12.

Tsaya ka dubi wannan da kyau. Bolt ɗaya aka cire daga 12, bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Amma wutar da ke gudana ta sauka da kashi ɗaya cikin uku. Idan ka ninka bolt da amfiya don ka san abin da yankin yake ci, za ka ga ya sauko daga miliwat 216 zuwa 132, ragin kusan kashi 40 cikin 100. Alƙaluman sukan ɗan bambanta daga ziri zuwa ziri, amma yanayin abin ɗaya ne. Rizistar ma, wadda ba ta ba da haske ko kaɗan sai zafi zalla, a bolt 12 tana ƙone sama da kashi ɗaya cikin biyar na wutar da aka biya kuɗinta. A bolt 11 zafin da take fitarwa bai kai rabin na dā ba. Gwanin mai wayarin zai yiwu bai taɓa rubuta wannan lissafi a takarda ba, amma mitarsa ta auna wuta da yatsansa sun daɗe da koya masa shi.

Mai karatu zai ce to ai hasken ma ya ragu. Ya ragu, gaskiya ne, da wajen kashi 30 cikin 100 idan na'ura ce ta auna. Amma ido ba na'ura ba ne. Ido yana saba wa haske, kuma sai an rage shi sosai kafin ya yarda cewa an rage. Wanda ya shigo falo ya tarar da ziri a bolt 11 ba zai ce komai ya gaza ba. Ƙari a kan haka, ƙwan LED ya fi iya mayar da wuta haske idan ba a matsa masa ba. Yawan wutar da ka tura masa, yawan kason da ke tafiya a zafi. Shi ya sa cinikin yake da riba: a ba da haske kaɗan, a karɓi sanyi mai yawa. Mai dafa tuwo ta san haka, idan tukunya ta fara kamu itace ɗaya take zarewa, tuwon kuma ya nuna ba tare da ya ƙone ba.

Me ya sa zafi ke yi wa ƙwan nan illa haka, alhali an ce LED ba ya zafi? Ba ya zafi irin na tsohon ƙwai mai zare, wanda ke watsa zafinsa waje tare da haske. Na LED a cikinsa yake taruwa, a wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar gero ba, kuma ta baya kaɗai yake iya fita. Jan LED ya samu tun 1962 a Amurka, a hannun Nick Holonyak, amma fari bai yiwu ba sai da aka samu shuɗi mai ƙarfi a Japan a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samu kyautar Nobel a 2014. Farin ƙwan da ke silin ɗinka shuɗi ne a asali, an lulluɓe shi da wani sinadari rawaya mai suna fosfo, shi ne ɗigon rawayan da kake gani idan fitilar a kashe take. Shuɗin da rawayan ne suke haɗuwa su ba da fari. Zafi yana tsufar da wannan lulluɓi da robar da ke riƙe da shi, sai launi ya karkace, haske ya ja baya.

Awa 50,000 da ake bugawa a kwali ma ba alkawarin cewa ƙwan zai kai nan da ƙarfinsa ba ne. A al'adar masu ƙera shi, ana ƙirga ransa ne zuwa lokacin da haskensa zai sauko kashi 70 cikin 100 na farko, kuma da sharaɗin yana zaune a wuri mai sanyi daidai gwargwado. Mu kuwa ina sanyin yake? A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yana wuce digiri 40 a inuwa. Tsakanin kwano da silin ya fi haka nesa ba kusa ba. A nan ake cusa zirin, cikin wani lungu da iska ba ta shiga, a manne da POP wanda ba ya jan zafi ko kaɗan. Akwai kuma wani hali na ƙwan: yana ɗumama, ƙarfin da yake riƙewa yana ɗan sauka, ragowar rizista yana ƙaruwa, wuta ta ƙara gudana, zafi ya ƙaru. Zirin da zai zauna lafiya a bolt 12 a ƙasa mai sanyi, a wurinmu a bakin iyakarsa yake tun ranar farko. A ganina, duk mai sa ziri a ƙasar Hausa da bai saka watan Afrilu a lissafinsa ba, aikin rabin shekara ya yi.

Ga yadda gwanin yake yi. Ba ya manna komai tukuna. Zai warware faifan gaba ɗaya ya shimfiɗa zirin a ƙasa, domin ya san kunna shi a nannaɗe na 'yan mintoci ya isa ya dafa tsakiyarsa. Sai ya ɗauko tiransifomar, akwatin ƙarfen nan mai ƙananan ramuka da jerin sukurori a gaba. A gefen sukurorin, kusa da 'yar koriyar fitila, akwai wani ɗan maɓalli na roba mai tsagi a ka, an rubuta V ADJ a kusa da shi. Mutane da yawa sun shekara suna sa wannan akwati ba su taɓa lura da shi ba. A yawancin tiransifomomin yana iya ɗaga wuta ko sauke ta da wajen kashi 10 cikin 100, wato daga kimanin 10.8 zuwa 13.2. Zai haɗa zirin, ya kunna, ya ɗora bakunan mitarsa biyu a kan V+ da V-, ya karanta. Ba mamaki ya ga 12.3 ko 12.5, don ba kullum suke fitowa daga masana'anta a daidai ba.

Daga nan sai ya sa siririyar sukundireba mai rufaffen hannu a tsagin, ya murɗa a hankali, idonsa a kan mita, ba a kan fitila ba. Lambobi suna sauka: 12.0, 11.7, 11.4. Ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi hasken, ya bi zirin da kallo har wutsiya. Ya ƙara taɓawa kaɗan. Hannunsa ɗaya kaɗai ke kusa da akwatin, domin santimita kaɗan daga maɓallin nan akwai sukurorin L da N masu ɗauke da bolt 230 na wutar gari, kuma su ba sa wasa. Idan yaronsa ya miƙo hannu zai taya shi, sai ka ji ya ce, "Kai, ja da baya, riƙe min mita kawai." Yaron ya ce, "To, Oga." Wannan tsawar ma tana cikin darasin.

Bai gama ba. Zai bar zirin a kunne rabin awa ko fiye, ya tafi wani aikin. In ya dawo sai ya ɗora bayan yatsa a kan zirin kusa da inda wuta ke shiga, don nan ya fi zafi. Idan yatsan ya zauna ba tare da damuwa ba, lafiya. Idan bai iya daurewa daƙiƙa kaɗan ba, to an doshi digiri 60, kuma a buɗaɗɗen wuri ke nan, balle an kai shi lungun silin. Sai ya sake sauke wutar, ko ya ce wannan zirin sai da hanyar alminiyom a ƙarƙashinsa, wadda za ta kwashe zafin daga bayansa ta watsa. Masu hali a cikinsu suna da 'yar bindigar auna zafi, irin wadda aka saba gani a ƙofofin asibitoci da bankuna a 2020, amma ta masu sana'a.

Saukewar tana da iyaka, kuma a nan ake bambanta gwani da mai kwaikwayo. Tunda ƙwayayen uku suna buƙatar sama da bolt 9 kafin su yi haske na kirki, filin wasan ɗan ƙarami ne. Idan aka gangaro wajen 10, sai bambancin da ke tsakanin ƙwai da ƙwai ya fito fili, wani ya fi wani haske, wutsiyar zirin ta yi duhu. A ƙasa da 9 kuwa kusan mutuwa yake yi. Shi ya sa za ka ga yawancin masu wannan dabara suna yawo ne tsakanin 11 da 11.5, gwargwadon irin zirin da tsawonsa da wurin da zai zauna. Mai cin wat 4.8 a mita ɗaya, irin mai ƙananan ƙwai da ake kira 3528, ba ya buƙatar ragi sosai. Mai manyan ƙwai 5050, wanda ke cin wat 14.4 a mita, wato wat 72 da amfiya 6 a faifai ɗaya, shi ne ainihin mai neman a tausaya masa. Lambobin nan ma girman ƙwan suke faɗa: 5050 milimita 5 ne a kowane gefe.

Maganar wutsiya ta kawo mu ga kuskuren da ya fi kowanne kashe ziri, kuma da wannan maɓallin dai ake yin sa. Hanyar jan ƙarfen da ke cikin zirin siririya ce ƙwarai, wuta tana raguwa a kanta tana tafiya. Idan aka jona faifai biyu ko uku a jere, kai ya yi haske, ƙarshe ya yi ja-ja. Mai gaggawa sai ya murɗa maɓallin sama, ya kai 13, don wutsiya ta farfaɗo. Ta farfaɗo kuwa, amma mitocin farko sun shiga wuta, su ne za su fara mutuwa cikin 'yan watanni. Gwani akasin haka yake yi. Zai ja waya mai kauri daga tiransifoma ya shayar da zirin ta kai da ta wutsiya, ko ya ba kowane mita 5 wayarsa daban. Idan falon babba ne sai ya ce a sayo mai bolt 24, wanda ke da ƙwai shida a yanki kuma yake jan rabin amfiyar da mai 12 zai ja don haske iri ɗaya. Da zarar wuta ta daidaita a ko'ina, sai ya samu damar sauke ta gaba ɗaya ba tare da wani ɓangare ya yi duhu ba.

Ita kanta tiransifomar tana cin moriyar ragin. Zirin da ya rage ci ya rage mata kaya, ta rage zafi. A cikinta akwai kwandansoshi masu ruwa a ciki, kuma sanannen abu ne a wurin masu harkar lantarki cewa ƙarin digiri 10 yana raba ransu biyu. Don haka gwani ba ya ɗora mata kaya daidai da abin da aka rubuta a jikinta. Ziri mai wat 72 zai nema masa mai wat 100. Ba ya kuma binne ta a inda hannu ba zai kai ba, don ya san ƙurar hunturu za ta toshe ramukan, wata rana sai an hau an kakkaɓe.

Inda wannan ilimi ya fi amfani a wurinmu, a ganina, shi ne wajen sola. Shaguna da gidaje da masallatai da yawa, musamman a ƙauyuka, suna jona zirin kai tsaye a batir, tunda an ce batir 12 ne zirin ma 12 ne. Amma batir sunansa kawai 12. Wanda ya cika ya huta yana nuna wajen 12.7. Da rana, lokacin da faranti ke cajinsa, yana kaiwa 14.4. Mai litiyom ma da ake yayi yanzu yana zama ne sama da 13 mafi yawan lokaci. Koma ga lissafinmu na ɗazu: a bolt 14.4 ragowar rizista ya kusa 5, wutar da ke gudana ta haura miliamfiya 30, abin da yankin ke ci ya ninka na bolt 12 har da ɗori. Mai shagon da ke kunna fitilar akwatin kayansa da tsakar rana yana gasa ta ne bai sani ba, a daidai lokacin da gari ya fi zafi. Haka abin yake a mota da Keke Napep, inda wuta ke kaiwa wajen 14 muddin inji yana aiki.

A nan babu V ADJ da za a murɗa. Gwani sai ya sa 'yar na'urar da suke kira sitef-dawun tsakanin batir da ziri. Wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, da shuɗin maɓalli mai siririn sukuri a kai, wanda sai an yi ta juyawa kafin lamba ta motsa. Ya saita shi a 11 ko kusa, batir ya hau ya sauka, zirin bai sani ba, in dai batirin bai yi ƙasa sosai ba. Ya kuma san ƙarfin kowanne. Mai lamba LM2596 an rubuta masa amfiya 3, amma in ba a sa masa abin shan zafi ba bai kamata ya wuce 2 ba, don haka ba a ɗora masa faifan 5050 sukutum. Wannan sai babba. Wasu sukan yi dabarar jera dayod a kan waya, tunda kowane ɗaya yana cinye wajen bolt 0.7. Tana aiki idan wutar tsayayya ce, misali a kan adaftar roba da ba ta da maɓalli, in dai dayod ɗin mai ƙarfi ne, don shi ma zafi yake yi. A kan batir kuwa ba ta wadatar: cire 0.7 daga 14.4 ka ga har yanzu ana sama da 13.

Akwai wata hanya dabam, wato dima, wadda ke kunna zirin tana kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya yadda ido ba ya gani. Ita ma tana rage zafi, kuma tana ba maigida damar ƙarawa da ragewa da kansa. Aibinta biyu ne. Mai araha takan sa layi-layi su fito a bidiyon waya, abin da ba mai ɗakin biki da zai so. Sannan duk abin da aka bar wa hannun jama'a, ƙarshensa a ƙure shi ake yi. Shi ya sa wasu gwanayen suke haɗa biyun: su sauke bolt a tiransifoma inda ba mai taɓawa, su bar dima a bango. Ko an ƙure ta, zirin bai kai inda zai cutu ba.

Ba kowane ziri ake yi wa wannan ba, kuma gwani yana dubawa kafin ya taɓa. Mai launi uku da ake sauyawa da rimot, idan aka sauke masa wuta, shuɗi da kore ne ke fara ja da baya, domin ja ba ya buƙatar bolt da yawa, sai farinsa ya koma ja-ja. Mai gudu, wanda kowane ƙwai ko kowane yanki ke da 'yar ƙwaƙwalwarsa, yakan rikice idan wuta ta gaza, musamman mai bolt 5. Akwai kuma masu tsada da ke ɗauke da na'urar daidaita wuta a jikinsu maimakon rizista, su ragin bolt ba ya rage musu haske sai an kai wata iyaka. Sai kuma mai kaurin roba da ake jonawa kai tsaye a soket, mai bolt 220. Wannan ba ya cikin maganarmu sam, kuma kowane taku nasa yana ɗauke da wutar da ke kisa. Haka nan ba a rage wa tiransifoma wutar da ke shigar ta da regiletar fanka. Ita an yi ta ne don ta riƙe abin da take fitarwa ko wutar gari ta yi sama ko ƙasa, matsa mata ta wannan gefen lalata ta kawai zai yi.

Abin da ya fi wuya a aikin nan sau da yawa ba waya ba ce, maigida ne. Ya tsaya a kai yana kallo, ya ga ana rage wuta, ya ce, "Malam, ni fa haske na saya." Gwani ba ya jayayya. Zai ce, "Ranka ya daɗe, taɓa nan." Ya mayar da wutar 12 da rabi, a jira, Alhaji ya taɓa ya janye hannu. Ya sauke ta 11.2, a sake jira, Alhaji ya taɓa ya bar hannunsa a kai. Sannan ya ce a ɗaga kai a dubi hasken. Yawanci a nan maganar take ƙarewa. Idan kuma da gaske wurin yana son haske mai yawa, shawararsa ita ce a sa layi biyu a wuta mai sauƙi maimakon layi ɗaya a ƙure. Kuɗin farko ya fi yawa, amma ba za a fasa silin baɗi ba.

Ina ganin girman mutumin nan saboda wani dalili da ya wuce lissafi. Zirin da ya mutu da wuri aiki ne sabo ga mai wayarin: a sake kiransa, ya sake sayo kaya, ya sake karɓar kuɗin hannu, laifi kuma ya tafi kan jabu. Wanda ya sauke bolt ɗin nan ya san yana rufe wa kansa wannan ƙofa. Ya ƙara wa kansa awa guda ta gwaji wadda ba wanda zai biya shi, a kan abin da za a rufe a bayan silin ba mai sake gani. Ladansa a sana'a shi ne shekara uku ko huɗu bayan nan, baƙo ya shigo falon ya tambayi wa ya yi wannan aiki. Irin waɗannan su ya kamata iyaye su kai wa 'ya'yansu koyon wayarin, kuma makarantunmu na koyon sana'a ya kamata su ba wannan darasi muhimmanci yadda suke ba jona soket da suwic, tunda aikin ziri da sola yanzu ya zama abincin yau da kullum na masu wannan sana'a.

Kai kuma mai gini ko mai shago, ba sai ka riƙe sukundireba da kanka ba, bai ma kamata ba, saboda sukurorin nan biyu masu bolt 230. Ranar da za a sa maka ziri, kafin a ɗaga shi sama, ka ce wa mai aikin ya shimfiɗa shi ya kunna, ya ɗora mita ka ga lambar da idonka, ka dawo bayan rabin awa ka taɓa. Idan a batirin sola za a jona, ka tambaye shi me zai sa a tsakani. Wanda ya zo maka aikin ziri babu mita a jakarsa, ka ba shi haƙuri ka nemi wani.